Kafin ka sauya agogon zamaninka da mai araha

Mafi yawan masu ɗaure da Apple Watch ko Galaxy Watch abu huɗu ko biyar kawai suke yi da shi: duba lokaci, ganin wanda ya kira ko ya turo saƙo ba sai sun ciro waya daga aljihu ba, ƙirga taku, tashi da asuba, sai kuma bibiyar barci ga masu kwana da shi. Duk waɗannan, agogon da kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba yana yin su, kuma ya yi mako ɗaya ko biyu bai nemi caji ba. Sai dai akwai wasu ayyuka ƙalilan da mai araha ba ya yin su sam, ko yake nuna kamar yana yi alhali lamba kawai yake ƙirƙira. Abin da za ka tantance shi ne ko kana cikin masu buƙatar waɗannan ƙalilan ɗin.

Fara da binciken wanda ke hannunka

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne batir. A Apple Watch, shiga Settings, ka taɓa Battery, sannan Battery Health. Kamfanin ya tsara batirin ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 1,000, wato ƙasa da shekara uku ga mai cajin kullum. In lambar ta sauka ƙasa da 80, batirin ne ya tsufa, sauran agogon yana iya zama garau. A kowane irin agogo kuma akwai gwajin hannu: cika shi da safe, kashe fuskar nan mai zama a kunne kodayaushe, rage haske zuwa rabi, kashe awon iskar jini na dare, ka duba abin da ya rage bayan awa goma sha biyu. In ya haura kashi 50, saitinka ne ke cinye cajin, kuma ba ka da dalilin kashe ko sisi.

In ka ga gilashin ya fara ɗagowa ta gefe guda, ko bayan agogon ya yi tudu, batirin ya kumbura. Daina cajinsa nan take, kada ka danne gilashin da nufin mayar da shi. Zafi ne ke hanzarta wannan. Apple ta ƙayyade a yi amfani da agogonta tsakanin digiri 0 da 35, ga shi kuwa daga Maris zuwa Mayu garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai kan haura 40. Cajin agogo a cikin motar da ke ajiye a rana, ko a kan na'urar da ke fitar da zafi, yana rage masa kwana sosai.

Dalili na biyu shi ne kamfani ya daina sabunta masa manhaja. Apple Watch Series 3 ya tsaya tun 2022 da fitowar watchOS 9. Series 4, Series 5 da SE na farko sun tsaya a 2024 da fitowar watchOS 11. Irin wannan agogo yana ci gaba da aiki, amma kashe kuɗi mai yawa a kan gyaransa ba dabara ba ce. Na uku kuwa sauya waya. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, Galaxy Watch kuma tun daga Watch4 na 2021 ba ya haɗuwa da iPhone. Wanda ya koma daga iPhone zuwa Tecno ko Samsung, magana ta ƙare, dole ya nemi wani agogon.

Mako guda na rubutu

Kada ka dogara da tunaninka kan abin da kake yi da agogon, domin kowa yana tuna abin da ya burge shi ranar saye, ba abin da yake yi kullum ba. Ɗauki kwana bakwai. Duk lokacin da ka yi wani abu da shi ban da duba lokaci, rubuta a waya. Ranar bakwai ka raba jerin gida biyu: abin da agogon ya nuna maka kawai, da abin da ka aiwatar daga kansa. Ganin saƙo, ganin kira, ganin taku, girgizar tunin sallah, duk na gidan farko ne. Amsa saƙon WhatsApp da murya, bin taswira, sauraron karatu daga agogon ba waya a kusa, ɗaukar awon zuciya don nuna wa likita, waɗannan na gida na biyu ne. In gida na biyu ya tashi babu komai, ko abu ɗaya ne da ba za ka yi kewarsa ba, mai araha zai wadace ka. In akwai abu biyu ko uku da kake yi kusan kullum, za ka yi nadama cikin wata guda.

Dalilin rabuwar yana cikin ƙirar agogunan. Masu tsada ƙananan kwamfutoci ne, suna ɗauke da watchOS ko Wear OS, ana sauke musu manhajoji, shi ya sa suke shan caji: awa 18 Apple ta yi shekaru tana alƙawari a agogunanta na yau da kullum. Masu araha ƙaramin tsari suke amfani da shi wanda ba ya yin komai sai abin da aka gina masa a masana'anta. Wayar ce ke yin aikin, agogon ya nuna. Daga nan doguwar rayuwar batirinsu ta fito, daga nan kuma iyakarsu.

Mai araha iri uku ne

Na farko ƙaramin ɗan gidan da kake ciki, wato samfurin mai sauƙin kuɗi na kamfanin agogonka. A 2025 Apple Watch SE dala 249 ne a Amurka, yayin da na Series ke farawa daga 399, Ultra kuma 799. Samsung ta fitar da Galaxy Watch FE a 2024 a kan kusan dala 200. Nan ba ka rasa manhajoji ko amsa saƙo, tarihin lafiyarka yana nan inda yake, maɗaurai da caja ma galibi suna shiga. Abin da SE ya rasa shi ne awon ECG, wato na lantarkin zuciya, da na iskar jini. Matsalar cajin kullum kuwa tana nan daram.

Na biyu agoguna da ƙananan maɗaurai (siraran agogunan nan da ake kira band) na kamfanonin da aka sani: Xiaomi, Amazfit, Huawei, Oraimo, da Galaxy Fit na Samsung. Xiaomi Smart Band 9 na 2024 yana da fuskar AMOLED, kamfanin ya ce yana kai kwana 21, amma ba shi da GPS nasa, ba shi da lasifika. Galaxy Fit3 kwana 13 aka ce, shi ma babu GPS, kuma da wayar Android kaɗai yake aiki. Amazfit Bip 6 na 2025, mai kusan dala 80, yana da GPS da amsa kira. Kwanakin da ake rubutawa a kwali na amfani mai sauƙi ne. In ka kunna awon zuciya na kowane minti da bibiyar barci da sanarwa barkatai, ka sa ran rabin abin da aka rubuta, wanda duk da haka ya ninka na mai tsada sau da yawa. Ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa hujja. Oraimo na kamfanin Transsion ne, masu Tecno da Infinix da itel, kuma cibiyoyin Carlcare ke kula da garantinsa, abin da ke da amfani in agogo ya mutu a wata na uku. Mai sayen Huawei ya sani cewa manhajar Huawei Health ta yanzu ba ta cikin Play Store, daga shafin kamfanin ko AppGallery ake sauke ta.

Na uku su ne kwaikwayon Apple Watch da suka cika tebura, masu sunaye irin T500 da T900 Ultra, wani lokaci da maɗauri bakwai a kwali ɗaya. A kansu ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta faɗa daidai. Hoton kwali yana nuna fuska cike har baki, in ka kunna sai ka ga baƙin gefe mai kauri a ƙasa. Da yawansu fitila ce kawai ke ƙyaftawa a baya, babu na'urar awo a bayanta. Ba su da kamfanin da za ka koma wa. In kuɗinka iya nan ya kai, ƙaramin maɗauri na kamfanin kirki ya fi, ko ma agogon Casio na gargajiya mai shekaru bai nemi batir ba.

Awon lafiya, inda ya kamata a fi natsuwa

Koren hasken da ke bayan agogo yana shiga fata, jini ya shanye wani sashe, na'urar ta auna abin da ya dawo. Da kowane bugu jinin da ke wurin yana ƙaruwa, hasken da ke dawowa ya ragu, daga nan ake lissafa bugun zuciya. In mutum na zaune, agogon kirki mai araha da mai tsada kusan lamba ɗaya suke bayarwa. Bambancin yana fitowa ne wajen gudu, ɗaga ƙarfe ko tuƙa babur a hanya mai gargada, inda motsi ke rikita hasken. Ɗaure agogon tazarar yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata ba tare da matsewa ba, yana rage kurakuran.

ECG abu ne daban. Yana auna lantarkin zuciya ta hanyar ɗora yatsa a kan maɓalli na daƙiƙa 30, kuma Apple ta fara shi ne a Series 4 a 2018. Wanda likita ya ce yana da rikicewar bugun zuciya, kuma yana amfani da wannan awon ko faɗakarwar da agogon ke yi, kada ya sauka zuwa agogon da ba shi da su sai ya yi magana da likitansa. Haka dattijon da aka saya wa agogo saboda gano faɗuwa da kiran 'yan uwa. Wasu masu araha, irin Galaxy Fit3, suna da wannan, amma sai waya na kusa kuma a haɗe. A Samsung kuma ECG da awon hawan jini suna buƙatar wayar Galaxy, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe su ba, don haka wasu suna biyan kuɗin abin da bai taɓa yi musu aiki ba. Duba ko naka yana yi kafin ka lissafa shi cikin abin da za ka rasa.

Hawan jini da sukari su ne inda ake yaudarar mutane. Agogon Samsung ma sai an daidaita shi da na'urar awo ta damtse duk mako huɗu, Huawei Watch D kuwa jakar iska ce a cikin maɗaurinsa. Agogon da ke ba ka 120 bisa 80 cikin daƙiƙa goma, ba daidaitawa ba komai, zato yake yi. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a da kada su yi amfani da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon sukari da ya rage ko ya ƙara magani bisa lambar irin wannan agogo yana wasa da ransa.

Saƙonni, kira da hanya

A mai araha saƙo yana zuwa a gutsure, hoto da saƙon murya ba sa buɗewa. Wasu suna ba da damar tura gajeriyar amsa da aka riga aka tsara, amma a Android kawai, domin Apple ba ta buɗe wa agogunan wasu kamfanoni wannan ƙofar sosai ba. Akwai kuma abin da ya shafi mai karanta Hausa kai tsaye: agogon da ba a sa masa cikakkun haruffa ba yana nuna ƙ, ɗ da ɓ a matsayin akwati ko alamar tambaya, rubutun Larabci ma ya fito a wargaje ko ya ƙi fitowa. Wannan ba ya cikin abin da ake rubutawa a kwali, sai an gwada.

Wanda ke gudu ko tafiyar motsa jiki ya kula da kalmar GPS. Wasu nasu ne a ciki, wasu na waya suke ara, wato in ka bar waya a gida tsawon tafiyar daga yawan taku za a ƙiyasta shi, kuma kuskuren kan yi yawa. Nuna alƙibla yana buƙatar kamfas na gaske a cikin agogon, wanda ƙananan maɗaurai da yawa ba su da shi. Tunin lokutan sallah kuwa ba matsala, manhajar da ke waya ta aika sanarwa, agogon ya girgiza. Biyan kuɗi da agogo da sa masa layi nasa na kansa, in ba ka taɓa yin su ba, kada su shiga lissafinka.

Ruwa da rana

Lambar juriyar ruwa ta IP67 na nufin agogon zai jure nitsewa cikin mita ɗaya na ruwa mai tsabta tsawon minti 30. IP68 ya ɗara haka, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. Duka biyun sun isa ga alwala, gumi da ruwan sama. Iyo sai mai 5 ATM. Babu ɗayansu da aka gwada da sabulu, ruwan zafi ko tururi, kuma waɗannan ne ke cinye robar da ta toshe gefuna. Agogon da aka taɓa buɗewa aka canza masa batir ko gilashi, ka ɗauka ya daina hana ruwa, duk abin da mai gyara ya ce. Mai cire agogo sau biyar a rana ya duba maɗaurin da kyau. In mai faɗin milimita 20 ko 22 ne mai ɗan sakata a baya, ko'ina za ka samu madadinsa. In na musamman ne, ranar da ya tsinke sai ka yi ta yawo.

Fuska kuma a nemi AMOLED mai hasken da ya kai nit 1,000 (nit ma'aunin ƙarfin hasken fuska ne). Mai fuskar TFT yana kyau a cikin shago, a tsakar rana kuwa sai ka kare shi da tafin hannu kafin ka ga lokaci.

Lissafin kuɗi

Kwatanta kuɗin shekara, ba kuɗin saye ba. A ce canjin batirin tsohon agogonka naira 40,000 ne, zai ƙara masa shekara biyu: 20,000 ke nan a shekara. A ce sabo mai araha 60,000 ne, zai yi shekara uku: shi ma 20,000. Sun yi kunnen doki, sai dai a hanya ta biyu kana da tsohon agogo na sayarwa, kuma darajarsa raguwa take duk watan da ka jinkirta, musamman in an kusa daina sabunta shi. Sa naka alƙaluman na kasuwar yau a wannan gurbin. Mai araha ba a cika gyara shi ba, in ya mutu ya mutu. Amma batirin da ake caji sau ɗaya a mako caji 52 yake sha a shekara, ba 365 ba, don haka galibi maɗauri ko caja ko gilashi ne ke riga batirin lalacewa. Tambayi kuɗin cajar tun ranar saye, domin kusan kowane samfuri da irin tasa.

Gwaji a gaban mai shago

Ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada ka biya sai an buɗe an haɗa da wayarka. Minti goma ya isa. Duba sunan manhajar da takardar ciki ta ce a sauke, ka ga ko sunan kamfanin da ya wallafa ta ya dace da na kwalin. Sa wani ya turo maka saƙo mai ɗauke da “ƙarfe”, “ɗaki” da layin Larabci ɗaya. Fita da agogon rana ka karanta. Sannan awon zuciya: kama jijiyar wuyan hannunka, ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ninka biyu, ka kwatanta. Tazarar da ba ta wuce biyar ba daidai ce. Ɗora agogo a kan tebur don ganin ko zai ba da lamba ba cikakken gwaji ba ne, domin na gaske ma wani lokaci hasken da ya dawo yana ruɗa shi. Wanda ya fi shi ne ka tsuguna ka miƙe sau ashirin ka sake aunawa. Na gaske zai haura sosai, ya riƙa sauka a hankali. Na bogi zai ci gaba da yawo tsakanin saba'in da tamanin da wani abu kamar ba abin da ya faru. Karɓi rasit mai lambar agogon, a rubuta kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Ranar sauyi

Kada ka sayar da tsohon sai sabon ya yi mako biyu a hannunka. Kwanaki biyu ko uku na farko ka ɗaura duka biyun, ɗaya a kowane hannu, ka kwatanta taku da barci. Bambancin kashi goma cikin ɗari a taku ba abin damuwa ba ne, kowane kamfani da yadda yake tace motsin hannu.

Kwashe tarihinka tukuna. A iPhone, buɗe Health, taɓa hotonka, zaɓi Export All Health Data. Samsung Health yana da wurin sauke bayananka a cikin saitinsa, masu agogon Fitbit kuma ta shafin Google Takeout. Tsohon tarihi ba ya shiga sabuwar manhaja kai tsaye, amma in ka haɗa ta da Apple Health, ko Health Connect a Android, sabbin alƙaluma za su ci gaba da taruwa wuri ɗaya.

Matsalar da ta fi sa mutane cewa sabon agogo ba shi da kyau ita ce yankewar sanarwa bayan awa ɗaya ko biyu. Laifin wayar ne. Tecno, Infinix, Xiaomi da makamantansu suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin caji. Shiga saitin batir ka cire manhajar agogon daga takurawa, kunna mata izinin tashi da kanta, sannan ka kulle ta a jerin manhajojin da ke buɗe. In kuma sautin bidiyo ya koma fita ta lasifikar agogon, shiga Bluetooth, taɓa sunan agogon, kashe Media audio ka bar na kira. Wajen ba da izinin karanta sanarwa, zaɓi manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ka bar saƙon tes da na banki a kashe, domin wannan izinin yana ba manhajar damar ganin lambobin sirrin da banki ke turowa. Caji kuma da kan caja mai 5V da 1A ko ramin kwamfuta, kuma ka goge ƙarafunan bayan agogon da busasshen ƙyalle kafin ka jona, gumi ne ke sa su tsatsa har caji ya ƙi shiga.

Mai sayar da Apple Watch ya raba shi da waya ta cikin manhajar Watch: All Watches, alamar i, Unpair Apple Watch, sannan ya sa kalmar sirrinsa ta Apple. Goge shi daga kan agogon kaɗai ba ya cire Activation Lock, wato makullin da ya ɗaure shi da asusunka na Apple, mai saye zai tarar da shi a kulle ya dawo maka da shi. Galaxy Watch kuma a yi masa Reset ta cikin Galaxy Wearable bayan an adana bayanai. Haɗa da cajarsa ta asali da kwalin in yana nan, ka ɗauki hoton shafin Battery Health kafin ka goge, domin shi ne abu na farko da mai saye zai tambaya.